Fuskar Kaka Dije a Kaset ɗin Kawu Sale

Kakata ta wajen uwa, Kaka Dije, ba ta yin tatsuniya kyauta. A gidanmu na Kurfi, lokacin sanyi, da an idar da sallar magariba an ci tuwo, za ta sa a jawo mata buhun gyaɗa kusa da murhu, ta ɗibar wa kowane yaro a ƙwarya. Hannunka na ɓara, bakinta na tafiya. In ta ji ƙarar ɓawo ta yi ƙasa, sai ta tsaya cak a tsakiyar labari, ko da kura ta riga ta buɗe baki za ta cafki wani, ta hau gyara wutarta kamar ba ita ke magana ba. Mun sha yin faɗa a kan malalacin da ya jawo aka tsaya, kuma yawanci ni ne.

Wutar ma ta kara ce, ba ta itace ba. Wanda ya san kara ya san halinsa: ya tashi fuu ya haske tsakar gida, kafin ka gyara zama ya lafa. Haka muke ganin fuskar Kaka, a yi haske a yi duhu. Tana da tsage irin na mutanen da, dogaye, sun taso daga gefen baki sun bazu zuwa kunne a kowane kunci, ga wani gajere a karkace ƙarƙashin idon hagu. In kara ya kama, su za ka fara gani. In ta yi dariya sai su tattare wuri guda. Ni ne autan Innata, don haka ni ke manne da Kaka, nakan bi su da yatsa ina tambayarta ko har yanzu suna zafi.

"Ɗauke min hannu, mijin banza," za ta ce. "Ko gishiri ba ka taɓa sawo min ba, sai taɓa huska. Ɓara min gyaɗa ko in tahi gidanmu."

Tana da doka ɗaya da ba ta taɓa karyawa ba: ba a tatsuniya da rana. Ta ce duk wanda ya yi zai ɓata a kasuwa, a yi ta nemansa ba a gani. Dokar nan ce tushen duk ciwon kan da na sha daga baya, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in yi mata faɗa.

Ƙanen Inna, Kawu Sale, yana ɗaukar bidiyon biki a Dutsin-Ma, zamanin da ake saɓa kyamara a kafaɗa. Wata rana ya zo ɗaukar wani suna a unguwarmu, ya ga kaset ya yi saura, ya ce bari ya ɗauki tsohuwarsa. Tun la'asar ya fara lallashi.

"Iya, ki yi mana yanzu da sauran rana. Abin nan ba ya gani cikin duhu."

"To makaho ne ka ɗauko a kafaɗa. Ni da tsufana za ka sa in ɓata cikin kasuwar Kurfi, a yi ta cigiyata kamar akuya?"

Bayan magariba ya kunna wata farar fitila da ke jikin kyamarar. Kaka ta kare ido da gefen zane, ta ce in bai kashe ba ta tashi ke nan. Ya kashe yana tsaki. Haka ya ɗauke ta da hasken kara, mu kuma muna ta leƙen kyamara muna washe baki.

Kaka tana da nata salon buɗewa. "Na ɗauko kaya, wa zai sauke ni?" Mu ce, "Mu ne!" Ranar ta ba mu labarin wata yarinya mai tsabta, wadda uwarta za ta yi tafiya mai nisa, ta bar mata zabuwa guda, ta ce ta kula da ita. Yarinya ta ba ta tsaki, ta ba ta ruwa, har ɗaki ɗaya suke kwana. Wata safiya ta ƙura wa zabuwa ido, ta ga ɗige-ɗige duk jikinta, gabanta ya faɗi. Ta ce in uwata ta dawo ta ga wannan datti za ta ce ban kula ba. Ta kai ta rafi ta wanke da sabulu, bai fita ba. Ta sa toka, bai fita ba. Ta haɗa da soso da yashi. A nan Kaka take matse hanci ta yi muryar zabuwa: "Ɗiyar gida, ɗiyar gida, bar min ɗigona, da shi ake sanina." Yarinya ba ta saurara ba, ta dirje ta sai da ta koma fara sol. 'Yan'uwanta zabi suka gan ta suka kore ta da sara. Uwa ta dawo ta ce ina zabuwata, yarinya ta miƙa mata tana murna. Uwa ta ce, "Kazar wa kika ɗauko? Maza mayar wa masu ita, kada a ce mun yi sata." Yarinya ta bi gida-gida da ita a hammata, kowa ya ce ba tasa ba ce.

"Har yanzu tana can tana yawo," in ji Kaka. "Na sauke kayana, mai so shi ɗauka."

Muka kwashe da dariya. Yayata Hajara ta ce yarinyar wawiya ce. Ni kuwa na ce na gane karatun, yawan wanka ba shi da kyau, don haka daga yau kada a sake zuba min ruwa da sanyin safiya. Kaka ta jefe ni da ɓawon gyaɗa.

In ban da wannan kaset, Kaka ba ta taɓa yarda an yi mata hoto ba, ko ɗaya. Ta rasu ina sakandare, Kawu Sale ma Allah ya yi masa rasuwa daga baya, kaset ya shige cikin kayansa aka manta da shi. Sai bara matarsa tana kwashe wata adaka ta ci karo da shi, ta aiko wa Inna. Ya zo daidai lokacin da hawan jinin ido ya cinye wa Inna idon hagu, na dama kuma tana gani da shi kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma na daman ma tafiya yake yi. Inna ta damƙa min kaset ɗin naɗe cikin ɗankwali.

"Auta, ku da kuke cikin gari kun san kan abubuwan nan. Ina so in ga Iya tun ina ganin wani abu."

Na ɗauka aikin yini guda ne. Na zaga Dutsin-Ma, inda nake koyarwa, da kaset a jaka. Masu tura fina-finai a waya suka riƙa juya shi suna tambayata ta ina ake jona shi. Wani ya ce in kai gidan tarihi, ya ga kamar ya yi abin dariya. Daga ƙarshe aka nuna min shagon Yohanna, mai gyaran rediyo da talabijin, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa gishiri. Shi kaɗai ya rage da na'urar bidiyo mai rai, yana juye wa mutane tsofaffin kaset zuwa faifai. Ya ɗaga nawa a haske ya leƙa ta gilashinsa, ya girgiza kai.

"Malam, a rijiya aka ajiye wannan? Dubi funfuna, fari fat. In na sa shi haka zai toshe min kan na'ura, shi ma ya goge kansa."

Ya kwance shi da sukundireba, ya riƙa jan zaren da hoton ke kai kaɗan-kaɗan yana sharewa da tsumma mai laushi. Ya ce in riƙe magana ɗaya: zaren ya yi rauni, sau ɗaya zai bi ta na'ura lafiya in Allah ya yarda, na biyu bai yi min alkawari ba.

Daga nan aka shiga sintiri. In na je, babu wuta. Na ce ya tayar da janareta, ya ce a'a, janaretansa yana sa layi-layi a hoto da gurnani a murya, kuma ba za mu ɓarar da damarmu guda a kansa ba. Ranar da aka kawo wuta, wata 'yar roba ta tsinke a cikin na'urar, sai daga Katsina aka samo. Duk wannan lokaci Yaya Hajara na kirana daga Kurfi, in ji muryar Inna daga nesa tana cewa a tambaye shi ko an gama. Tambayar nan ta fi komai ci min rai, don na san ba gaggawar banza take yi ba.

Ranar da aka juye, abin haushi ya fara tun daga farkon kaset. Sunan nan da Kawu ya ɗauka da rana ya fito tar. Mutanen da ba wanda ya san su yanzu, ga su nan suna cin waina, har adon hularsu kana gani. Sai hoto ya yanke, allo ya yi baƙi, muryar Kaka ta fito garau tana tambayar wa zai sauke ta. Sai da na juya wa Yohanna baya na ɗan lokaci. Amma hoton, wayyo. Duhu ne da yayyafin fari-fari, ga wani layi yana rawa a ƙasa, ga hannun Kawu ba ya tsayawa wuri ɗaya. In kara ya tashi sai fuskarta ta bayyana ja-ja da tsagenta, kafin ka ce ga ta, ta koma. Ni mai ido biyu da ƙyar nake kamo ta, na san Inna ba za ta ga komai ba.

Yohanna ya yi iya ƙoƙarinsa a kwamfuta. Ya ƙara haske, duk hoton ya koma toka-toka, yayyafin ya ninku. Ya rage yayyafi, fuskar ta narke ba hanci ba baki. Ya gyara launi, wutar ta koma kore. Ya tsayar da rawar layin, wannan kaɗai ya yi nasara. Ya jingina da kujera ya ce, "Malam, abin da kyamara ba ta gani ba, ba ni da inda zan samo maka shi."

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya a shagon mutum. Na ce to me amfanin kwamfutar, ado ce? Na ce ana mayar da hoton mutanen da suka mutu tun kafin a haife mu kamar jiya aka ɗauka, sai nawa ne zai gagara? Sai ya ce akwai wata sabuwar manhaja da aka sa masa, mai gyara fuska, amma shi ba ya sonta.

"Tana ƙari daga kanta. Ba gyara kawai take ba, zato take yi."

"Ta yi ta zato. Sa ta, kuma ka ƙure ta."

Da na koma karɓa, na ga abin mamaki. Ga fuska ta cika allo, fes, idanu na ƙyalli, fata sumul, ɗankwali har da launinsa. Na yi tafi a shagon. Na ce wa Yohanna matata ta koma budurwa, yanzu kam ba zan sake ta ba. Haske na zo nema, haske na gani, ban duba wani abu ba. Ya juye min a faifai, na ce ya yi, na kama hanyar Kurfi.

Na isa da hantsi ina zumuɗi, Inna ta ce ba za a kunna ba. "Da rana? Ka manta ɗiyar wa ce ni?" Haka muka zauna har magariba. Muka aro ƙaramin janareta a maƙwabta, Yaya Hajara ta goge talabijin, Inna ta jawo kujera 'yar tsugune har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta karkata kai ta ba shi idon dama. Da muryar ta fito ta yi murmushi, leɓenta na motsi. Sai fuskar ta bayyana. Ta daɗe tana kallo, ta ja baya, ta sake matsowa.

"Auta, wace ce wannan?"

"Kaka ce mana, Inna."

"Murya dai ta Iya ce. Matar nan ban san ta ba. Ina tsagen?"

Sai a lokacin na duba kumatun. Babu ko ɗaya. Manhajar an koya mata ta share duk wani layi da ke ɓata hoto, ta ga layuka a fuskar tsohuwa ta ɗauka tsufan kaset ne, ta share su tas, ta lulluɓe wurin da fatar wata mata da ba a taɓa haifa ba. Hancin ma ta ɗan miƙe shi. Inna ba ta yi min faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce in kashe kada man mutane ya ƙare a banza.

Washegari na dira shagon Yohanna na ce ya ba ni na farkon, mai duhun, yadda ya fito daga kaset. Ya dafe kai.

"Na goge, Malam. Ka karɓi faifai ka ce ya yi. Kwamfutar ta cika, ga bikin mutane na jira."

Muka yi cacar baki har maƙwabcinsa mai walda ya leƙo. Ya ce ai ya gaya min tana ƙari daga kanta. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya ƙara min zafi. Da muka huce, ba mu da zaɓi sai kaset ya sake bi ta na'ura. Ya yi addu'a irin tasa, na yi tawa, ya tura shi. Masu cin wainar nan suka sake wucewa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ana shiga duhun Kaka muka ji ƙarrr daga ciki. Yohanna ya fizge waya daga bango, amma an makara. Ya buɗe na'urar ya zaro zaren a cukurkuɗe, baƙin da ke riƙe hoto ya bi yatsunsa kamar gari, zaren ya koma fari kana hango hannu ta cikinsa. 

A motar Kurfi na yi fushi da kowa. Na yi da Kawu da ya ɗauki uwarsa a wutsiyar kaset ɗin wasu. Na yi da Kaka da ta fi tsoron ɓata a kasuwa a kan ta ba mu fuskarta da rana. Na yi da Yohanna, na yi da duk wanda ya zauna ya ƙera abin da ba ya bambanta tsage da datti. Da na gama zagaye, tatsuniyar da ke cikin faifan jakata ta faɗo min a rai. Muna yara mun ce yarinyar wawiya ce. Yanzu ban ga wauta ba. Ba malalaciya ba ce, ba ta ƙi zabuwar ba, tsoro take kada uwarta ta dawo ta ga abin da aka ba ta bai yi kyau ba. Son ne ya sa ta ƙara yashi. Kuma an gaya mata da baki ta bari, ta ji, ta ci gaba. Abin da Kaka ba ta faɗa mana ba shi ne yadda uwar ta yi bayan ta rasa zabuwarta, mu kuma ba mu tambaya ba.

Na gaya wa Inna komai ban rage ba. Ta ce Allah bai nufa ba, ta tambaye ni ko na ci abinci. Na ɗauka magana ta ƙare. Amma ana idar da magariba ta aika a sake aro janareta, ta ce in kunna. Ta koma kujerarta gaban gilashi. Muryar ta fara, baƙuwar fuskar ta fito. Daidai inda ta kallo gaba sosai, Inna ta ɗaga hannu.

"Tsayar min da ita nan. Hajara, miƙo min tandun kwallina."

Ta dangwali ɗan man kaɗe a kan tsinken sa kwallin, ta tsoma shi a tandu, ta dafa talabijin da hannun hagu. Ta fara daga gefen baki ta ja layi zuwa kunne, a hankali. Ta ja na biyu, ta ci gaba har ta gama kunci ɗaya, ta koma ɗayan. Ba ta tsaya tunani ba ko sau ɗaya, ta san inda kowanne ya fara da inda ya tsaya. Ta ƙare da ɗan gajeren nan na ƙarƙashin ido, ta goge yatsa a zane, ta ja baya ta karkata kai.

"Yauwa. Sannu, Iya."

Yaya Hajara ta fita tsakar gida da sauri. Inna ta ce in sake ta ta yi magana. Na danna, fuskar ta juya ta sunkuya kan wuta, tsagen suka tsaya a inda suke, a kan bangon da ke bayanta. Inna ta ce in mayar da ita. Na mayar, na sake tsayarwa, sai da na yi ta gwadawa kafin layukan suka hau kumatu daidai. In Kaka za ta yi magana ba fuskarta ba ce, in fuskarta ce ba za ta yi magana ba. Inna ta zaɓi fuskar. Ta zauna tana kallonta har man janareta ya ƙare.

Da safe Yaya Hajara ta shigo shara da tsumma a hannu, Inna ta ce kada wanda ya kusanci gilashin nan. Idon nata na dama ya rufe kafin damina ta faɗi. Talabijin ɗin yana nan a ɗakinta, ba a kunna shi, ba a goge shi. Duk ranar da na je Kurfi, bayan mun gaisa, takan juyo da fuska wajen da take jin muryata ta ce, "Auta, duba min, suna nan?" In duba, in ce suna nan.